Hayato Ikeda, Ma'aikacin Harajin Da Ya Zama Firayim Ministan Japan

Hayato suna ne da Japanawa kan raɗa wa 'ya'yansu maza, kuma sunan wata tsohuwar al'umma ne wadda ta zauna a kudancin tsibirin Kiyushu, a yankunan Satsuma da Osumi. Mutanen nan sun daɗe ba su miƙa wuya ga sarakunan Yamato ba, har a shekarar 720 suka yi bore, aka tura musu runduna ta murƙushe su. Daga baya akan kai waɗansunsu fada su yi gadi. A rubutun Japanawa sunansu na nufin mutanen shaho. To, mutumin da za mu ba da tarihinsa yau sunansa ke nan a baki, amma da waɗansu haruffa dabam ake rubuta nasa, waɗanda ke nufin mutum mai ƙarfin zuciya. Shi ne marigayi Hayato Ikeda, wanda ya riƙe Japan daga 1960 zuwa 1964.

An haife shi ran 3 ga watan Disamba, 1899, a ƙauyen Yoshina cikin lardin Hiroshima, a gidan masu hali waɗanda sana'arsu dafa giyar shinkafa ce. Ya karanta shari'a a Jami'ar Kiyoto, ya gama a 1925, a wannan shekara kuma ya kama aiki a Ma'aikatar Kuɗi. A zamanin nan 'yan Jami'ar Tokiyo ne ke da ma'aikatar, su ake ajiye wa manyan kujeru. Sabo da haka aka riƙa tura Ikeda ofisoshin haraji na larduna, irin su Hakodate da Utsunomiya.

Yana cikin wannan aiki, a 1929, wata muguwar cutar fata ta kama shi, irin wadda ƙuraje masu ruwa kan feso wa mutum a jiki duka, su fashe, fata ta yi ta saɓulewa. Da hutun jinyarsa ya ƙare a 1931 sai ya rasa aikin. Matarsa ta fari, wadda ta tsaya kansa dare da rana, ta riga shi rasuwa yana kwance. Sai da ya yi wajen shekara biyar kafin ya sami sauƙi, ya koma ma'aikatar a ƙarshen 1934, ya tarar sa'o'insa sun yi masa nisa ƙwarai. Duk ma'aikacin da aka taɓa tsallakewa wajen ƙarin girma ya san zafin wannan. Shi kuwa sai ya duƙufa kan sha'anin haraji, wanda masu neman suna ba su cika so ba, har ya zama da wuya a sami wanda ya fi shi riƙe alƙaluma a ka.

Jinkirin nan ne ya zame masa tsani. Da aka ci Japan da yaƙi a 1945, hukumar mamaya ta Amurka ta kori ɗimbin manyan ma'aikata da 'yan siyasa waɗanda aka ga suna da hannu a mulkin soja. Ikeda, wanda a lokacin shi ne shugaban sashen haraji, bai shiga cikinsu ba. A 1947 ya zama Babban Sakataren Ma'aikatar Kuɗi. Ya ajiye aiki ya shiga siyasa, aka zaɓe shi Majalisar Wakilai a watan Janairu na 1949, cikin wata guda kuma Firayim Minista Shigeru Yoshida ya naɗa shi Ministan Kuɗi, alhali ko zama bai gama yi a kujerarsa ta majalisa ba. Tsofaffin 'yan jam'iyya suka yi ta gunaguni, Yoshida ya yi kunnen uwar shegu da su.

Aikin da aka ɗora masa mai ɗaci ne. Tsadar kaya ta kai intaha, Amurka kuwa ta aiko da wani ma'aikacin banki, Joseph Dodge, da sharuɗɗa masu tsanani: kada gwamnati ta kashe fiye da abin da ta samu, a rage tallafi, a tsayar da canji a kan yen 360 ga dala ɗaya. Ikeda ne ya zartar da su. Farashi ya lafa, amma ƙananan masana'antu da yawa suka durƙushe, aka sallami dubban ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa.

A nan ne halinsa na rashin tauna magana ya fito fili. A watan Disamba na 1950 ya bayyana a majalisa cewa kamata ya yi masu ƙaramin samu su fi dogara ga sha'ir, masu babban samu su ci shinkafa, gwargwadon ƙarfin kowa. Jaridu suka yayata cewa Minista ya ce talaka ya koma cin sha'ir. Bai daddara ba. A watan Nuwamba na 1952, yana Ministan Ciniki da Masana'antu, ya nuna cewa in waɗansu ƙananan 'yan kasuwa masu cinikin bayan fage suka karye, har ta kai su ga hallaka kansu, abin tausayi ne amma ba makawa. Majalisa ta kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa, ya sauka. Mai yiwuwa ne lissafinsa daidai yake, sai dai wanda ya kwana da yunwa ba lissafi yake son ji daga bakin Minista ba.

Ya sake riƙe muƙamai bayan wannan, ya kuma kafa rukuninsa mai suna Kocikai cikin jam'iyyar da ke mulki a 1957. Amma ba a ga ainihin abin da ya koya ba sai a 1960. A shekarar nan Firayim Minista Nobusuke Kishi ya tura sabuwar yarjejeniyar tsaro da Amurka ta majalisa da ƙarfin tsiya, bayan 'yan sanda sun fitar da 'yan adawa daga zauren. Dubun dubatar mutane suka yi ta kewaye majalisa, wata ɗalibar Jami'ar Tokiyo ta mutu a arangama ran 15 ga watan Yuni, aka soke ziyarar Shugaba Eisenhower, Kishi ya yi murabus. A mahaƙar kwal ta Miike kuma ana wani dogon yajin aiki mai zub da jini. Cikin wannan hali aka ba Ikeda ragama ran 19 ga watan Yuli, mutane da yawa suna tsammanin wuta za a ƙara wa itace.

Sai ga shi ya zo da wata fuska dabam. Ya ɗauki haƙuri da juriya su zama takensa, ya yi alkawarin ƙaurace wa filin wasan gwalf da gidajen shaƙatawar manya muddin yana kan mulki, ya jingine batun gyara tsarin mulki wanda ya raba kan ƙasa. Shi ne ya fara naɗa mace Minista a tarihin Japan, watau Masa Nakayama, a Ma'aikatar Lafiya da Jin Daɗin Jama'a. An sasanta yajin Miike kafin shekara ta ƙare. Da wani yaro ɗan shekara 17 ya soke shugaban jam'iyyar 'yan gurguzu masu sassauci, Inejiro Asanuma, har lahira ran 12 ga watan Oktoba, Ikeda da kansa ya miƙe a majalisa ya yi ta'aziyyar abokin hamayyarsa, jawabin da ya sanyaya zukata ƙwarai. A zaɓen watan Nuwamba jam'iyyarsa ta sami kujeru 296 daga cikin 467.

Abin da ya fi jan hankalin jama'a shi ne shirinsa na ninka abin da ƙasa ke samu cikin shekara goma, wanda majalisar ministoci ta amince da shi a watan Disamba na 1960. Lissafin mai sauƙi ne: in arziki ya riƙa ƙaruwa da kashi 7.2 cikin ɗari kowace shekara, zai ninka a shekara ta goma. Masanin tattalin arziki Osamu Shimomura, mai ba shi shawara, yana ganin ma za a wuce haka. Hanyoyin da aka bi su ne rage haraji, da sauƙaƙa kuɗin ruwa don masana'antu su sami rance, da zuba kuɗi a hanyoyi da tasoshin jiragen ruwa, da horar da injiniyoyi, da buɗe ƙofar ciniki da ƙasashen waje sannu a hankali. A 1961 inshorar lafiya da fansho suka game kowa da kowa. Gaskiya ne arzikin Japan ya riga ya fara hauhawa kafin zuwansa, ba shi ya haife shi ba. Gwanintarsa ita ce ya ba abin suna da wa'adi, yadda ɗan kasuwa zai yi ƙarfin halin cin bashi ya faɗaɗa, ma'aikaci kuma ya bar zancen yarjejeniya ya koma duban albashinsa. Arzikin ya ninka cikin kimanin shekara bakwai, a 1968 kuma Japan ta wuce Jamus ta Yamma.

Ba a sami wannan a banza ba. Farashin kayan masarufi ya yi ta hawa, samari suka watse daga ƙauyuka zuwa birane, hayaƙin masana'antu ya sa mutanen Yokkaici ciwon asma. A mahaƙar Miike ɗin nan, inda aka karya ƙarfin ƙungiyar ma'aikata, wata fashewa ta kashe mutum 458 ran 9 ga watan Nuwamba, 1963.

A waje kuwa ya gana da Shugaba Kennedy a 1961, ya zaga Turai a 1962, inda aka ruwaito Janar de Gaulle na Faransa ya kwatanta shi da dillalin rediyo. A watan Afrilu na 1964 aka karɓi Japan cikin ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arzikin masana'antu. Ran 1 ga watan Oktoba jirgin ƙasa mai tsananin gudu ya fara zirga-zirga tsakanin Tokiyo da Osaka, ran 10 ga wata kuma aka buɗe wasannin Olimfik a Tokiyo. Ikeda daga asibiti ya je wurin buɗewar, don tun watan Satumba aka kwantar da shi da ciwon daji a maƙogwaro. Washegarin rufe wasannin, ran 25 ga wata, ya ba da sanarwar zai sauka, daga baya kuma ya nuna Eisaku Sato ya gaje shi, ko da yake 'yan watanni kafin nan Sato ya kara da shi wajen neman shugabancin jam'iyya.

Ya rasu ran 13 ga watan Agusta, 1965, yana da shekara 65. Rukunin nan nasa na Kocikai ya fitar da Firayim Minista huɗu bayansa: Masayoshi Ohira, da Zenko Suzuki, da Kiichi Miyazawa wanda ya taɓa yi masa sakatare, da Fumio Kishida, wanda a zamaninsa aka rushe rukunin a 2024.