Karamojo Bell, maharbin da ya tunkari giwa da ƙaramin harsashi

Har yau in maharban manyan namun daji suka kaure da musu kan bindigar da ta dace da giwa, ɓauna ko zaki, da wuya a tashi ba a ambaci Walter Bell ba. Shi ne ya harbe giwaye 1,011, kuma kusan 800 daga ciki da bindigar da 'yan uwansa maharba ke yi wa kallon ta harbin barewa.

An haife shi a 1880 kusa da Edinbara a ƙasar Sukotlan. Bai kai shekara 18 ba ya sauka a Mombasa, ya samu aikin harbin zakunan da suka addabi ma'aikatan layin dogon Yuganda. Daga nan ya tafi Kanada neman zinariya, ya shiga soja, ya yi yaƙi a Afirka ta Kudu. Da aka gama yaƙin a 1902 sai ya kama farautar hauren giwa a Karamoja, arewa maso gabashin Yuganda, inda ya samo laƙabinsa. Sana'ar ta kai shi Habasha, Sudan, Kwango, har Laberiya.

A lokacin, yawancin maharba sun fi yarda da ƙatuwar bindiga mai baki biyu, wadda faɗin harsashinta ya haura milimita 11. Tana da ƙarfi, amma ga nauyi, ga naushin kafaɗa, sannan harbi biyu ne kawai sai ka tsaya ɗuri. Shi Bell sai ya kama wata hanya. Ya riƙa sa zarto yana tsaga ƙoƙon kan giwar da ya kashe, har ya san daidai inda ƙwaƙwalwa take ta kowace kusurwa. A lissafinsa, in harsashi ya isa ƙwaƙwalwa magana ta ƙare, in kuwa ya kauce, girmansa ba zai cece ka ba.

Shi ya sa ya zaɓi Mauser mai milimita 7, ƙirar kamfanin Rigby, wadda gidan harsashinta ke cin biyar. Ya kuma yi aiki da Lee-Enfield .303 ta sojan Ingila mai cin goma. Harsashinsa mai sulke ne, ba ya tarwatsewa, yana ratsa ƙashi ya wuce. Bindiga mara nauyi ta dace da mutumin da ke wuni yana bin sawu a ƙafa. Yawan harsashi kuma ya ba shi damar kayar da toron giwa da dama kafin garke ya watse, da kuma harbi na gaba a shirye in wata ta taso masa.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zama matuƙin jirgin yaƙi, ya samu lambar bajinta sau biyu. Daga baya ya koma Sukotlan, ya rubuta littafinsa na farko kan farautar giwa a 1923. A can ya rasu a 1954.

To amma fa abin da ya yi wa Bell ba lallai ya yi wa kowa ba. Ƙaramin harsashi ba ya yafe kuskure: in hannu ya ɗan girgiza, an bar dabba da rauni, kuma giwa mai rauni kan huce a kan maharbin ko manomin da ta fara cin karo da shi. Dalili ke nan ƙasashe irin su Tanzaniya ba sa yarda a tunkari irin waɗannan namun da abin da bai kai .375 ba, wato milimita 9.5.

Zamaninsa ma ya wuce. Irin wannan farauta na cikin abin da ya ƙarar da garken giwaye, kuma a 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe. A Ghana doka ta haramta harbin giwa. Yau wanda ya tashi daga Tamale zuwa dajin Mole, kusa da Larabanga, da kyamara yake zuwa, bindiga kuwa tana kafaɗar ma'aikacin gandun daji da ke masa rakiya.