Jikan Katsinawa Da Ya Ba Da Tarihinsa A Amurka

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan uwana 'yan kasuwa da manoma kan wani bawan Allah da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba.

Duk wanda ya yi wayo a zamanin bidiyo ya san Kunta Kinte na fim ɗin Roots, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1977. Mun tausaya masa ƙwarai. To amma fa shi mutumin Gambiya ne, kuma marubucin labarin, Alex Haley, bai ɓoye ba cewa ya gauraya tarihi da ƙirƙira. Alhali ga namu na gida, wanda aka rubuta labarinsa daga bakinsa tun yana da rai. Sunansa Muhammadu Gado Bakwakwa, a littafi kuwa an rubuta shi Mahommah Gardo Baquaqua. Ina kira ga marubutanmu na Kano da masu shirya fim da su nemi littafin nan su mayar da shi Hausa, tun da masana biyu, Robin Law da Paul Lovejoy, sun sake buga shi a 2001.

An haife shi wajen 1824 a Jugu, arewacin Jamhuriyar Benin ta yau. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne Musulmi, mahaifiyarsa kuwa Bakatsiniya ce. Kada wani ya ce me ya kai Bakatsiniya can. Jugu babban zango ne a kan hanyar Gwanja, inda ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ke yada zango da jakunansu, sun ɗauko kanwa da tufafi daga Kano za su dawo da goro. Irin Fagge ce ta can, garin baƙi da fatake.

An sa shi makarantar allo, karatu bai shiga ransa ba, ya koma wurin kawunsa maƙeri yana koyon ƙera allura. Ya yi dako har Daboya ta ƙasar Gwanja, yaƙi ya rutsa da shi aka kama shi, yayansa ya fanshe shi. Daga baya ya zama baran wani sarki kusa da Jugu, kuma shi da bakinsa ya ce su barorin fada sun sha ƙwace kayan talakawa. Wata rana wasu da ya ɗauka abokai ne suka ja shi ziyara wani gari, suka yi ta kambama shi suna ɗura masa giya. Da ya farka da safe babu ko ɗayansu, ashe an riga an yi cinikinsa.

Jama'a, a nan nake so mu tsaya. Babu Bature ko ɗaya a wannan ciniki na farko. Baƙar fata ne suka yi ta miƙa shi hannu da hannu, ta ƙasar Dahomi har bakin teku wajen Wida, inda aka ɗana masa ƙarfe mai zafi kamar dabba, aka jefa shi jirgin ruwa a 1845. Wannan ɓangaren ne ba mu cika son ji ba.

A Birazil wani mai gidan burodi ya saye shi. Ya yi dakon duwatsu, ya yi tallan burodi, ranar da kaya suka yi kwantai kuwa sai bulala. Duk mai talla ya san kwantai ba laifin mai ɗauka ba ne. Abin ya ishe shi har ya faɗa kogi don ya huta, aka tsamo shi. Daga nan aka sayar da shi ga wani kyaftin ɗin jirgi a Riyo, wanda a 1847 ya yi lodin kofi zuwa Niyok.

Jihar Niyok ta hana bauta tun 1827, saboda haka masu yaƙi da bauta suka kai maganarsa kotu. Alƙali ya ce ai shi ma'aikacin jirgin wata ƙasa ne, a mayar da shi. Kafin a yi haka sai ya sulale daga gidan yari, aka bi da shi ta Boston zuwa Haiti. A can ya sha yunwa, har wani ɗan mishan, William Judd, ya ɗauke shi, ya shiga addinin Kirista a 1848. Na san wannan zai sosa ran wasu. Ni dai ban ga bakin zarginsa ba, mutumin da nasa suka sayar, baƙo ya ba shi abinci. Kuma har a bangon littafinsa sunansa na yanka ne.

Ya koma Amurka ya yi karatu daga 1850 zuwa 1853 a wata kwaleji ta jihar Niyok mai karɓar baƙi da farare. Sai ya ƙetara Kanada, a 1854 kuma aka buga tarihinsa a birnin Ditiroyit da taimakon wani Samuel Moore, saura shekara 11 Amurka ta soke bauta baki ɗaya. Cikin miliyoyin da aka kai Birazil daga Afirka, shi kaɗai aka sani ya bar littafi irin wannan.

Ba don suna ya yi shi ba, kuɗin jirgin komawa gida yake nema. A 1855 ya sauka Libaful ta Ingila. Labarinsa na ƙarshe da aka samu a rubuce na 1857 ne, yana can Ingila, yana roƙon 'yan mishan su tura shi Afirka.

Wassalam.

Naka mai karatu kullum,
Sabon Gari, Kano.