Henrietta Lacks: ta rasu tun 1951, ƙwayoyin jikinta na nan suna hayayyafa

Yau labarin wata baƙar fata 'yar Amurka muka kawo muku. Ba likita ba ce, ba ta yi dogon karatu ba, amma likitocin duniya sun fi shekara 70 suna cin moriyar jikinta.

An haifi Henrietta ran 1 ga Agusta 1920 a Roanoke, jihar Bajiniya. Tana da shekara huɗu uwarta ta rasu wurin haihuwa, sai kakanta ya riƙe ta a ƙauyen Clover, inda ta tashi tana noman taba. A 1941 ta auri ɗan uwanta David Lacks, auren zumunci irin namu, suka koma kusa da Baltimore, shi yana aikin masana'antar ƙarfe. 'Ya'ya biyar suka samu.

A watan Janairun 1951, tana goyon autanta, ta ji wani kulluntu a mararta, ga zubar jini. Ta tafi asibitin Johns Hopkins, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da ke karɓar baƙaƙe lokacin, su ma ɗakinsu daban. Aka gano sankarar bakin mahaifa ce. Wurin yi mata magani aka yanki ɗan nama daga ciwon aka aika wa wani mai bincike, George Gey. Ba a tambaye ta ba, ba a gaya mata ba. Wai a zamanin doka ba ta tilasta neman izini ba. To, mu dai mun san ko akuyar maƙwabci ba a tatsa sai an yi sallama.

Gey ya daɗe yana ƙoƙarin raya ƙwayoyin jikin ɗan Adam cikin kwalba, kullum kwana kaɗan su mutu. Nata suka ƙi mutuwa. Kusan kowace kwana ɗaya sai su ninka. Aka sa musu suna HeLa, daga farkon sunayenta biyu, Gey ya dinga rarraba su kyauta. Ita kuwa ciwon ya bi jikinta duka, ta rasu ran 4 ga Oktoba 1951, tana da shekara 31.

Da waɗannan ƙwayoyi aka auna ingancin allurar shan inna ta Jonas Salk a gwajin 1954, cutar da muka san irin yaran da ta gurgunta a garuruwanmu. Cikinsu kuma aka samu ƙwayar cutar HPV, wadda ke haddasa irin sankarar da ta kashe ta, yanzu har akwai rigakafinta ga 'yan mata. Har gobe ana aiki da su. Masu binciken na'urar hoton cikin jiki mai aiki da maganaɗisu, wadda likitocinmu ke kira IRM, sukan ciyar da ƙwayoyin HeLa da ƙurar ƙarfe mai laushi, su sa su cikin na'urar su ga yadda suke fitowa a hoto, kafin a kai ga gwaji kan mutum.

Iyalinta fa? Sai bayan shekara 20 da ɗoriya suka ji labari, lokacin kamfanoni sun riga sun buɗe kasuwar ƙwayoyin, alhali wasu 'ya'yanta ko kuɗin ganin likita ba su da shi. Littafin Rebecca Skloot na 2010 ne ya sa sunanta ya shahara. A Oktoban 2021 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta karrama ta a Janeba, babban ɗanta Lawrence ya karɓa yana tsoho mai shekara 87. A 2023 kamfanin Thermo Fisher ya sasanta da iyalin bayan ƙarar da suka shigar, ba a faɗi kuɗin ba.

A Clover aka binne ta, a maƙabartar dangi, kabari babu ko alama. Sai a 2010 aka kafa dutse mai sunanta.