Bill Wilson: Mashayin da Ya Nemi Ɗan'uwansa Mashayi

An haifi William Griffith Wilson, wanda aka fi sani da Bill W., ran 26 ga Nuwamba 1895 a ƙauyen East Dorset na jihar Vermont a Amurka. Iyayensa sun rabu tun yana yaro, sai kakanninsa suka rene shi. Ya fara shan giya yana soja a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya auri Lois Burnham a 1918, bayan yaƙi kuma ya shiga harkar hannun jari a birnin Niyok. Ya sami kuɗi, amma giya ta cinye aikin da mutuncin, har ya zama matarsa ce ke aiki a kanti tana ciyar da gida.

Daga 1933 zuwa 1934 an sha kwantar da shi a asibitin Towns. A can likita William Silkworth ya bayyana masa cewa abin da ke damunsa ciwo ne: da zarar kofi ɗaya ya shiga ciki, jiki ba ya ƙoshi, zuciya kuma tana ruɗinsa cewa wannan karon zai iya tsayawa.

A watan Nuwamba 1934 wani tsohon abokin shansa, Ebby Thacher, ya ziyarce shi, ya kuma ƙi kofin da aka miƙa masa. Ebby ya shiga ƙungiyar Oxford, wadda wani faston Lutheran mai suna Frank Buchman ya kafa. Suna koyar da furta zunubi ga juna, biyan wanda aka cuta, addu'a da miƙa kai ga Allah. Ran 11 ga Disamba 1934 Bill ya sha giyarsa ta ƙarshe, ya koma asibiti. A kan gadon nan ya yi kuka ga Allah, bai kuma sāke sha ba har mutuwarsa.

Watanni ya yi yana wa mashaya wa'azi, ko ɗaya bai daina ba. Amma shi kansa bai koma ba muddin yana neman taimakon wani. A watan Mayu 1935 ya je birnin Akron a jihar Ohio, cinikin da ya kai shi ya lalace. Yana tsaye a otel ɗin Mayflower, ga mashaya a gefe guda, ga jerin sunayen majami'u a ɗaya gefen. Ya ɗauki tarho yana neman mashayin da zai yi magana da shi. Ta hannun Rabaran Walter Tunks da Henrietta Seiberling aka haɗa shi da likita Bob Smith, mai fiɗa, wanda giya ta kusa hallaka. Likitan ya ce minti 15 kawai zai ba shi, sai ga su sun kwashe sa'o'i, domin karo na farko ke nan da ya ji wanda ya san ciwon daga ciki. Ranar 10 ga Yuni 1935, wadda ake lissafawa ranar shan likita Bob ta ƙarshe, ita ce ranar haihuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato mashaya masu sakaya suna.

Mambobin farko a Akron sukan karanta wasiƙar Yakubu, huɗubar Yesu a kan dutse da 1 Korintiyawa 13. A 1939 aka buga littafinsu mai ɗauke da matakai 12. A 1951 Lois ta taimaka wajen kafa Al-Anon domin iyalan mashaya.

Tsarin taron bai canza sosai ba. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar ɗarikar mutum. Son barin giya ya isa. Ana kiran juna da sunan farko kawai, abin da aka faɗa a ɗakin kuma a nan yake tsayawa. Akwai taron da kowa zai iya zuwa, akwai na mashaya kaɗai. Sabon shiga yakan sami wanda ya daɗe da dainawa ya riƙe hannunsa, burinsu kuwa shi ne kada a sha yau. Ƙungiyar ba ikkilisiya ba ce, amma taruka da yawa a ɗakunan majami'u ake yin su.

Bill bai zama marar aibi ba. Ya yi shekaru yana fama da ciwon damuwa, taba kuma ta lalata masa huhu. Ya rasu ran 24 ga Janairu 1971 a Miami, bayan shekara 36 ba giya.

'Yan'uwa, mu ma muna da waɗanda burukutu da ogogoro suka kama, wasu a cikin gidajenmu. Mun iya sa su a horo, amma wa ke zama da su bayan an tashi sujada? Wanda ya daɗe yana sha sosai ya fara ganin likita, domin yanke giya farat ɗaya yana iya jawo jijjiga da ruɗewa, har mutuwa. Mu tambayi asibiti ko akwai irin wannan taro kusa. In babu, mu buɗe ɗaki ɗaya a majami'a, mu riƙe bakinmu, mu bar waɗanda suka fita su zauna da waɗanda ke neman fita.