Wiliyam Cigari: sarkin da ya ƙetare teku ya cika Ingila da ganuwoyi

Wanda ya yi karatun boko da Faransanci, mai yiwuwa ya ci karo da sunan Guillaume le Conquérant a darasin tarihi. Da Hausa sai mu ce Wiliyam Cigari. Ya mutu fiye da shekara 900 da suka wuce, amma da yawa daga wuraren da masu yawon buɗe ido ke tururuwar gani a Ingila, irin su Hasumiyar Landan da fadar Windsor, shi ya aza harsashinsu. Ya gina su ne don ya danne al'ummar da ya ci da yaƙi.

An haife shi a garin Falaise, cikin yankin Normandi da ke arewacin Faransa, wajen shekarar 1028. Mahaifinsa Robert shi ke sarautar yankin a ƙarƙashin sarkin Faransa. Mahaifiyarsa Herleva kuwa, ana cewa ɗiyar majemi ce, kuma ba a ɗaura mata aure da Robert ba. Don haka maƙiya suka riƙa kiransa shege. A 1035 Robert ya rasu a hanyar komowa daga ziyarar Ƙudus, sarauta ta faɗo kan yaro ɗan shekara bakwai ko takwas. Manyan Normandi suka shiga kashe juna a kan wanda zai riƙe shi. An kashe da dama daga masu kula da shi, ɗaya ma a ɗakin da yaron ke kwana. Sai a 1047, da taimakon sarkin Faransa, ya murƙushe ƴan tawaye a Val-ès-Dunes kusa da Caen.

Wanda ya tashi haka bai san wasa ba. An ruwaito cewa da ya kewaye garin Alençon da yaƙi, wasu mutanen garin suka shanya fatu bisa ganuwa suna yi masa gorin uwa. Da ya ci garin, ya sa aka sare musu hannuwa da ƙafafu.

Ran 5 ga Janairun 1066 sarkin Ingila Edward ya rasu bai bar ɗa ba. Kashegari aka naɗa Harold, ɗan'uwan matarsa. Wiliyam ya ce bai yarda ba, don Edward ya yi masa alkawarin gadon, Harold kuma ya taɓa rantse masa cewa zai mara masa baya. Ya sa aka sassaƙa ɗaruruwan jiragen ruwa. Sai sa'a ta zo masa: sarkin Norwe ya afka wa arewacin Ingila, Harold ya tafi can ya kashe shi ran 25 ga Satumba. Bayan kwana uku Wiliyam ya sauka da dawakinsa a gaɓar kudu. Harold ya juyo da gajiyayyun dakaru, tafiyar fiye da kilomita 300. Suka kara kusa da Hastings ran 14 ga Oktoba, tun safe har faɗuwar rana, inda Harold da ƙannensa biyu suka kwanta dama. Daga baya Wiliyam ya sa aka gina majami'a a daidai wurin, a garin da yau ake kira Battle, kuma har yanzu baƙi na zagaya kangonta da filin dagar.

Ranar Kirsimeti ta wannan shekara aka naɗa shi a majami'ar Westminster da ke Landan. Da jama'a suka ɗauki sowar mubaya'a, dogarawansa da ke waje suka zaci bore ne, suka cinna wa gidajen kusa wuta. A nan ake naɗa sarakunan ƙasar har yau, na baya-bayan nan shi ne Charles na Uku a 2023.

Cin gari daban, riƙe shi daban. Mutanen Wiliyam ƴan dubbai ne a cikin al'umma fiye da miliyan ɗaya da ba sa jin harshensu. Dabararsa ita ce tungar yaƙi: a tula ƙasa ta yi tudu, a haƙa gwalalo kewaye, a kafa hasumiyar katako a sama. Haka ya yi a Warwick da Lincoln da York a 1068, da Windsor wajen 1070, da Durham a 1072. A Lincoln kaɗai an rushe gidaje 166 don a sami fili. Wajen 1078 aka fara Farar Hasumiya a bakin kogin Thames, mai tsawon mita 27, har da duwatsun da aka ɗauko daga Caen ta ruwa. Ita ce zuciyar Hasumiyar Landan, inda yau ake ajiye kayan sarautar Birtaniya, kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1988.

Inda ganuwa ta gaza, wuta ya saka. Da arewa ta yi bore, a hunturun 1069 zuwa 1070 ya bi yankin York ƙauye-ƙauye, ana ƙone rumbuna da garmuna, ana kashe dabbobi. Malamin tarihi Orderic Vitalis, wanda ya yabe shi a wasu al'amura, ya ce mutum fiye da dubu ɗari yunwa ta kashe, kuma ya ɗora masa alhakinsu. A kudu ya keɓe dajin New Forest don farautarsa, da tsauraran dokoki a kan talakan da ya taɓa naman dajin. A cikin dajin nan ƴaƴansa biyu suka mutu wajen farauta. Tun 2005 gandun daji ne na ƙasa, kowa na iya shiga.

A ƙarshen 1085 ya ba da umarnin ƙidayar dukiyar ƙasa: gonaki, garmuna, shanu, aladu, da mai kowane abu, a wurare fiye da 13,000. Mutanen Ingila suka sa wa kundin suna Domesday, wato Littafin Ranar Hisabi, don ba a ɗaukaka ƙara a kan abin da ya rubuta. Kundin ya nuna cewa cikin shekara 20 kusan duk filayen manyan Ingila sun koma hannun baƙi. Yana nan ajiye a ma'adanar tarihi ta Kew a Landan.

A 1087, yana yaƙi da sarkin Faransa a garin Mantes, ya ji ciwo a ciki, ana cewa gaban sirdi ne ya buge shi. Ya mutu a Rouen ran 9 ga Satumba. An ruwaito cewa barorinsa sun kwashe kayan ɗakin sun gudu sun bar gawar. Wajen binne shi a majami'ar da ya gina a Caen, wani mutum ya miƙe ya ce filin na mahaifinsa ne aka ƙwace, sai da aka biya shi kafin a rufe sarki. A 1562, lokacin yaƙin addini a Faransa, aka fasa kabarin, ƙashin cinya ɗaya kaɗai ya saura.

Abu guda ne ganuwoyinsa suka kasa murƙushewa. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu a Ingila, Ingilishi ya koma na gona da kasuwa da cikin gida. Amma iyaye ba su daina yi wa ƴaƴansu magana da shi ba. Ya haɗiye dubban kalmomin Faransanci, shi ya sa naman tunkiya a Ingilishi ya zama mutton, daga mouton. A 1362 aka yi dokar yin shari'a da Ingilishi, a 1399 kuma Henry na Huɗu, wanda da shi ya buɗe baki, ya hau gadon Wiliyam. Baƙon da ya je Windsor yau zai ga kirarin da ke jikin tambarin sarauta har yanzu da Faransanci yake, amma mai yi masa jagora zai fassara masa shi da harshen waɗanda aka ci da yaƙi a Hastings.