Peltier, maƙerin agogon da ya tarar da sanyi cikin wayar kuran

Wannan satin filinmu na tarihin mutane ya leƙa Faransa. Dalili kuwa, akwai wani ɗan akwatin sanyaya ruwa da ake joɗawa a batirin mota, wanda ƴan'uwa kan aiko da shi gida. Ba shi da gas irin na firigo, ba shi da inji mai ruri, sai ƴar fanka. Abin da ke aiki cikinsa sunan wani mutum gare shi, Jean Charles Athanase Peltier.

An haifi Peltier ranar 22 ga Fabrairu 1785 a garin Ham, arewacin Faransa. Ubansa talaka ne mai ɗinkin takalma, karatun yaron kuma bai wuce lakkal ɗin garinsu ba. Yana ɗan shekara 15 aka kai shi koyon aikin agogo a Saint-Quentin, wajen wani maigida mai tsanani wanda ya hana shi ko buɗe littafi. Bayan shekara biyu uban ya ɗauke shi ya kai shi Paris. Can hannunsa ya faɗa, har ya shiga aiki wajen Breguet, wanda a zamanin babu kamarsa wajen ƙera agogo. A 1806 ya yi aure, ya buɗe shagon kansa.

A 1815 surukarsa ta rasu, gado ya faɗo wa gidan. Ba wata dukiya ce ta a zo a gani ba, ta dai isa ci da sha. Mu da mun san halinmu, da ƙara faɗin shago za mu yi. Shi kam rufewa ya yi yana ɗan shekara 30, ya koma neman karatun nan da aka hana shi. Ya taɓa nan ya taɓa can, har da nazarin ƙwaƙwalwa, kafin lantarki ya riƙe shi.

Kafin shi, a 1821, wani Bajamushe mai suna Seebeck ya ga cewa in aka haɗa ƙarfe iri biyu aka gasa mahaɗa ɗaya, aka bar ɗayar da sanyi, allurar kamfas da ke kusa sai ta motsa. Ashe kuran ne ke gudana. Peltier, a 1834, ya biyo ta baya. Ya haɗa ƙarfe iri biyu, ya saki kuran mai rauni cikinsu, ya auna mahaɗun da kayan awo masu laushi irin waɗanda maƙerin agogo ya iya haɗawa. Kowa ya san waya kan yi zafi in kuran ya ratsa ta. Amma shi ya tarar mahaɗa ɗaya ta yi ɗumi, ɗayar kuwa ta yi sanyi. Ya juya kan batir, mai sanyin ta koma ɗumi, mai ɗumin ta koma sanyi. Wato kuran ɗin dako yake yi, yana kwasar zafi daga wannan gefe yana saukewa a wancan.

Gaskiyar magana, shi kansa bai gane fassarar abin da ya gani ba. Sai a 1838 Lenz, a birnin Saint-Petersburg na Rasha, ya ɗiga ruwa a mahaɗar bismut da antimoni, ya saki kuran, ɗigon ya daskare. Ya juya kuran ɗin, ƙanƙarar ta narke. Daga baya William Thomson na Birtaniya ya nuna da lissafi cewa abin Seebeck da na Peltier gaba da baya ne na abu guda.

Peltier dai hankalinsa ya koma sama, ga hadari da tsawa da guguwa. A 1840 ya fitar da littafi kan guguwa. A 1842 ya hau dutsen Faulhorn na ƙasar Suwis don auna lantarkin iska, sanyi ya kama shi, bai sake samun lafiya sosai ba. Ya rasu a Paris ranar 27 ga Oktoba 1845, yana da shekara 60.

Abin da ya gano ya yi fiye da shekara 100 kusan a ajiye, don ƙarafan da aka sani suna barin zafi ya koma inda aka kwaso shi, tamkar ɗiban ruwa da kwando. Ana son abin da kuran zai ratsa da sauƙi amma zafi ya kasa. A shekarun 1950 aka dace da haɗin bismut da teluriyom, wanda har yau shi ke cikin akwatunan nan. A lokacin ne kuma binciken Abram Ioffe a Leningrad ya kai ga fitilar kananzir da zafinta ke kunna rediyo a ƙauyukan Tarayyar Sobiyet marasa kuran. Mu ƴan rediyo wannan ta burge mu ƙwarai. Masana na nan suna neman haɗin da ya fi wannan, don har yanzu yawancin ƙarfin asara yake tafiya.

Shi ya sa muke jan kunnen masu aikowa da masu karɓa. Akwatin yana cin batir, kuma sanyinsa ya dogara da zafin waje, yakan sauko ne da kamar digiri 20 in ya yi ƙoƙari. Da bazara, in rana ta kai 43 a Tawa ko Damagaram, za ku sha ruwa mai daɗi amma ba za ku ga ƙanƙara ba. Maganin da likita ya ce a ajiye tsakanin digiri 2 da 8, irin allurar masu ciwon sukari, kada a dogara da shi sai an sa ma'aunin zafi a ciki an gani da ido.