Chari Maigumeri da Birget ta 23 ta Sojojin Nijeriya

Chari Maigumeri mutumin Borno ne. Ya fara aikin soja yana matashi a rundunar Jamusawa ta Kamaru, gab da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bajintar da ya nuna a yaƙi da Ingilishi ta sa Jamus ta ba shi lambar Iron Cross. Bayan faɗuwar Garwa a 1915 sai ya shiga hannun Ingilishi a matsayin fursunan yaƙi. A 1917 ya ɗauki kakin waɗanda suka kama shi, aka tura shi Gabashin Afirka ya yaƙi iyayen gidansa na dā.

A shekarun 1920 ya kai muƙamin babban samanja a Bataliya ta 3. A wancan zamani Hausa ce harshen barikin soja. Hafsoshi duk Turawa ne, don haka ta bakin samanja umarni yake isa ga soja, ta bakinsa kuma koken soja yake isa ga hafsa.

A Yaƙin Duniya na Biyu bataliyarsa tana cikin ukun da suka haɗa Birget ta 23, wadda aka tura ta yaƙi Italiya. Birget ɗin ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu, 1941. Daga nan ta nausa Habasha, ta bi ta Jijiga da mashigar Marda har Harar cikin kimanin wata guda. A wannan yaƙi ne Maigumeri ya sami lambar Military Medal. Daga bisani birget ɗin ta ɗauki sunan Birget ta 1 ta Afirka ta Yamma, ta fuskanci Japanawa a Burma ƙarƙashin Runduna ta 82.

Ya yi ritaya a 1953, aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Abin lura shi ne, mutumin da dauloli biyu masu gāba da juna suka shaidi jarumtarsa bai sami hafsanci ba sai ranar ajiye kaki, domin tsarin mulkin mallaka ya daɗe da tsayar da baƙar fata a matakin samanja. A yau barikin soja na Lokoja yana ɗauke da sunansa.